Hayaƙin Oron a Tukunyar Auyo

Auyo ba ta san teku ba. Ruwan da muka sani shi ne na Kogin Haɗejiya, wanda yake gangarowa daga ƙasar Kano, ya malale fadamunmu da damina, sannan ya rarrabu, wani reshe ya nufi Nguru, wani ya bi ta Gashuwa yana neman Tafkin Cadi. Duk da haka, a yau da wuya mutum ya ratsa layin masu kayan miya a kasuwar Haɗejiya bai ga wani ɗan tuli jaja-jaja a faranti ba, kusa da daddawa da busasshiyar kuɓewa, wanda aka kamo shi a bakin teku, nisan fiye da kilomita 1,000 daga nan. Ƙamus yana kiran abin jatan lande, masu saye da masu sayarwa kuwa suna cewa kirefish. Ƙananan halittu ne da ake kamawa a inda koguna suke shiga teku, a wajejen Oron da Ibeno a Jihar Akwa Ibom, da Kalaba, da Bakasi. Ɗanyensu ba ya iya zuwa nan. Abin da yake iso mana busasshe ne, kuma yadda aka busar da shi ne yake yanke hukunci a kan miyar da za a zuba shi.

Harshenmu ba shi da kalma guda da ta tattara halittun ruwa masu ɓawo, wannan kuwa shaida ce ta matsayinsu a wurinmu. Muna da ƙaguwa, muna da jatan lande, muna da katantanwa, muna da ƙumba, kowanne da sunansa, ba wanda ya damu ya haɗa su dangi. Muna yara, idan ruwa ya janye, mukan tono ƙumba daga laka, mu kai ɓawon gida ya zama makankarin tukunyar tuwo, naman kuma a watsa wa agwagi. Katantanwa ta wasa ce, ƙanananta kuma ma'aikatan lafiya ne suka fi sanin su, domin su ne masaukin ƙwayar cutar tsargiya a magudanan noman rani. Mazhabar Malikiyya da muke bi ba ta hana cin halittun ruwa ba. Ƙyama ce kawai ta al'ada. Saboda haka ba mu gaji ilmin busar da waɗannan halittu ba. Abin da muka gada, kuma muka ƙware a kansa, shi ne shanya da bandar kifi, kuma da wannan ilmin ne nake so mu auna baƙon da ya shigo tukunyarmu.

Yayata ce ta fara sa ni tunanin. Ta sayi kirefish sau biyu cikin wata guda a wurin mutum ɗaya, farashi kusan ɗaya. Na farko ya ɗaga mata miyar kuɓewa har maƙwabta suna tambaya, na biyu kuwa ya bar ƙarni a tukunya da wani maƙaƙi a maƙogwaro wanda ko tafarnuwa da citta ba su rufe shi ba. Ta ɗora laifin a kan mai sayarwa. Ni kuwa ina ganin bawan Allahn nan bai san hawa ba bai san sauka ba: buhu ya saya daga hannun wanda shi ma buhu ya saya. Bambancin da ta ji a bakinta an riga an ƙulla shi tun a yini ɗaya ko biyu na farko bayan fitar abin daga ruwa, a wani gari da ita da shi ba su taɓa zuwa ba.

Kafin a fahimci abin da bushewa take yi, sai an san abin da yake cikin naman. Kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyen jatan lande ruwa ne. A cikin ruwan nan akwai narkakkun sinadarai ƙanana waɗanda harshe yake iya ji. Halittar da take zaune a ruwan gishiri tana fuskantar barazana kullum, domin gishirin waje yana neman tsotse ruwan jikinta, kamar yadda yake tsotse ruwan yankakkiyar albasa. Dabarar da jatan lande da ƙumbar teku suke yi ita ce tara wasu sinadarai a cikin namansu don su daidaita ma'aunin. Daga cikinsu akwai gilaisin da alanin, masu ɗan zaƙi-zaƙi, akwai kuma gulutamet. Wannan shi ya sa naman halittun teku yake da zaƙi da cika baki tun kafin a sa masa komai. Ƙumbar koginmu ba ta da wannan larura, don haka ba ta tara su da yawa. Namanta lami ne, ga shi kuma yakan ɗauki warin laka daga wani sinadari da ƙwayoyin halitta na ƙasa da na ruwa suke fitarwa, wanda shi ne dai ƙamshin nan da muke shaƙa da murna ranar ruwan farko. A hanci ni'ima ne, a baki kuwa ba a son sa. Ina zaton kakanninmu da suka bar wa agwagi ƙumba ba gidadanci ya sa su ba. Sun ɗanɗana ne suka ga ba riba.

Gulutamet ɗin nan mun daɗe da sanin aikinsa, sunan ne baƙo. Shi ne sirrin daddawa, domin ƙwayoyin da suke ruɓar da kalwa suna warware furotin ɗinta su saki gulutamet mai yawa. Wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, shi ya tace shi daga wani ganyen teku a 1908, ya ce wannan ɗanɗano ne mai zaman kansa, dabam da zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri, kuma daga bincikensa ne aka samo abin da matanmu suke kira farin magi. A 1913 almajirinsa Shintaro Kodama ya gano wani sinadarin na biyu, inosinet, a cikin busasshen kifin Japan. Bayan shekaru fiye da 40, wani masanin, Akira Kuninaka, ya nuna cewa idan biyun nan suka haɗu ba tarawa suke yi ba, ninkawa suke yi: kaɗan daga wannan da kaɗan daga wancan suna ba da ƙarfin da ya fi jimillarsu nesa ba kusa ba. Duk macen da ta taɓa daka daddawa ta haɗa da kan busasshen tarwaɗa a miyar kuka ta riga Kuninaka zuwa wurin, ba ta dai rubuta ba ne. Kirefish mai kyau yana ɗauke da iri biyun a jikinsa, shi ya sa cokali guda yake yin abin da yake yi.

Sai dai wannan dukiya ba ta jira. Da zarar halittar ta mutu, jikinta yakan fara cin kansa. A cikin kan jatan lande akwai wata gaɓa mai narkar da abinci, wadda ruwanta yake da ƙarfi ainun, kuma idan rai ya fita sai ta juya kan naman da ke kewaye da ita. A sa'o'in farko wannan alheri ne, domin furotin yana warwarewa yana ƙara sakin sinadaran daɗi. Idan aka ƙara jimawa sai lamarin ya juye. Inosinet ya rushe ya zama wani abu mai ɗaci, ƙwayoyin ruɓa su yi yawa, su fara fitar da sinadarin da muke ji a matsayin ƙarni, daga nan kuma sai wani wari mai kama da na tsohon fitsari. Busarwa tsere ce da wannan agogo. Ana so a fitar da ruwa har ya ragu zuwa inda ƙwayoyin ruɓa ba za su iya aiki ba, kafin su gama ɓarnarsu. Kowace hanya ta busarwa tana tsayar da agogon a wani wuri dabam, kuma tana ƙara nata abin a kan naman.

Hanya mafi sauƙi ita ce shanya, kuma a nan ne rabo ya yi mana wani irin wasa. Mu ne muke da iskar, su ne suke da jatan landen. Da hunturu, laimar iska a ƙasar Haɗejiya takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, har leɓe ya tsage, wankin safe ya bushe kafin hantsi. A Kalaba kuwa ruwan saman shekara yakan kusanci mita 3, alhali namu bai kai mita 1 ba, iskarsu kuma a jiƙe take kusan duk shekara. Wanda ya shanya ɗanyen jatan lande a irin wannan iska, ruɓa za ta riga shi. Inda yanayi ya yarda, shanya tana ba da ɗanɗano mafi tsabta. A gaɓar Suruga ta Japan ana kamo wani ƙaramin jatan lande mai launin hoda, a baza shi ɗanye a kan baƙaƙen raga a bakin Kogin Fuji, ya bushe a yini guda. Ba wuta, ba hayaƙi, don haka abin da ya rage shi ne zaƙin halittar kanta, ya tattaru wuri ɗaya saboda ruwa ya tafi. Mu ma mun san irin wannan a jikin kawara da sauran ƙananan kifi da ake shanyawa da kaka: ƙamshinsu mai sauƙi ne, ba ya danne miya.

Rana tana da nata haraji. Man da ke jikin halittun ruwa iri ne mai saurin lalacewa idan ya haɗu da iska da haske, kuma lalacewarsa ce take haifar da maƙaƙin nan da Yaya ta ji. Jan launin jatan lande ma wani sinadari ne da rana take kashewa, saboda haka kirefish ɗin da ya koɗe ya yi fari-fari yana faɗa wa mai saye cewa ya sha rana fiye da kima, ko kuma ya daɗe a ajiye, kuma mansa ya fara juyawa. Matan da suke shanya ganyen kuka a inuwa don kada ya rasa korensa sun san wannan doka sarai. Akwai kuma maganar inda aka shanya. Abin da aka baza a ƙasa ta sama kawai yake bushewa, ƙasansa yana kwance cikin danshinsa, ga yashi, ga kaji, ga ƙuda. A Burundi, a bakin Tafkin Tanganyika, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta koya wa masu shanya ƙananan kifi ɗaga su a kan ragar waya mai tsayin kamar mita 1 daga ƙasa, sai lokacin bushewa ya sauko daga kwana 3 zuwa kamar awa 8. Iska ce kawai aka bai wa hanyar bi ta ƙasa. Duk wanda ya taɓa tauna tsakuwa a miya ya san darajar mita ɗayan nan.

Wasu al'ummu sukan tafasa kafin su shanya. Tafasa tana tsayar da agogon nan take, ta kashe ƙwayoyin ruɓa, ta kashe ruwan narkarwar, don haka naman yakan fito da tsabta, ya kuma daɗe. Farashin shi ne wani kaso na daɗin yana zubewa cikin ruwan tafasar. Mutanen kudancin Sin sun san girman wannan asara har suka mai da ita sana'a: ana ba da labarin cewa a 1888 wani mai dafa ƙumbar teku, Lee Kum Sheung, ya manta tukunya a wuta har romon ya ƙafe ya yi kauri, daga nan aka samu baƙin romon nan da ake sayarwa a kwalba a duniya. A Hong Kong har yau ana rarrabe busasshiyar ƙumba iri biyu, wadda aka tafasa sannan aka busar ƙarau, ta miya da fate, da wadda aka shanya ɗanya na 'yan kwanaki ta yi launin zinariya tana da sauran taushi, wadda ta fi zaƙi ta fi tsada, ba ta kuma jure ajiya. Halitta ɗaya ce, daga ruwa ɗaya, amma ba mai sayar da su kuɗi ɗaya.

Abin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne yadda mutanen Hokkaido a arewacin Japan suke busar da tsokar wata ƙumba mai faɗi. Bayan tafasa cikin ruwan gishiri, sai su busar, su tattara su rufe su bar ta ta huta, su sake busarwa, su sake hutar da ita, haka har wajen wata guda. Dalilin hutun shi ne ruwan da ke can tsakiya yana bukatar lokaci kafin ya ratso zuwa baya. Idan aka matsa da zafi ba ƙaƙƙautawa, bayan yakan ƙandare ya zama kamar fata, ya kulle ruwan a ciki, sai a samu abu busasshe a ido, ɗanye a zuci. Na san wannan doka tun kafin in ji labarin Hokkaido, daga bakin wani dattijo mai banda a unguwarmu. Ina saurayi na taɓa ganin ya janye wuta da magariba alhali kifin bai gama ba, na ce, "Baba, ba a ƙara itace a gama yau ba?" Ya ce, "Ɗan nan, kifi ma yana son ya kwana. Bar shi ya yi gumi, gobe wuta ta samu abin sha." Da safe kuwa kifin da ya yi kamar ya bushe jiya ya sake yin laushi, ruwan ciki ya fito, sannan ya mai da shi kan wuta.

Wannan ya kawo mu ga hayaƙi, wanda shi ne hanyar da mafi yawan kirefish ɗinmu yake bi. Matan bakin teku ba su da iskar hunturu, don haka sukan baza kamun a kan gado na raga ko na saƙaƙƙen itace, su hura wuta a ƙasa, galibi da itatuwan da ke tsirowa a cikin ruwan zartsi na bakin teku. Wuta tana yin aiki uku a lokaci ɗaya. Tana korar ruwa. Tana dafa naman, kuma a cikin dafuwar sinadaran furotin suna haɗuwa da ɗan sukarin da ke ciki su haifar da launin ƙasa-ƙasa da ƙamshin gashi, wato haɗuwar da Bafaranshen nan Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, wadda ita ce garɗin soyayyiyar gyaɗa da bayan gurasa da tsire. Sannan hayaƙin kansa yana sauke nasa sinadaran a jikin naman, waɗanda suke fitowa daga ƙonewar ƙashin itace. Su ne ƙamshin banda, kuma suna da wata fa'ida ta ɓoye, domin suna rage saurin lalacewar mai. Shi ya sa kirefish na hayaƙi ya fi na shanya jure doguwar tafiya. Amma zaƙin asali yakan koma baya, ƙamshin wuta ya shige gaba. Wanda ya saba da shi, idan aka ba shi na shanya zalla, sai ya ce ba shi da ƙarfi. Wanda ya saba da na shanya kuma sai ya ce wannan ai itace yake ci.

Tunda hayaƙi yana shiga nama, to irin itacen magana ce babba. Masu bandarmu sun fi son itace mai nauyi da ya bushe sosai, irin su kirya da marke da gabaruwa, masu ci a hankali su bar garwashi. Suna gudun darbejiya domin hayaƙinta yana barin ɗaci. Ɗanyen itace yana ba da hayaƙi mai kauri mai tsami. A wajejen Tafkin Cadi akwai tsohuwar hanya ta yanka kifi gunduwa-gunduwa a babbake shi da ciyawa sannan a shanya, kuma duk wanda ya san bandar can ya san ɗanɗanon ƙauri da take zuwa da shi. Mafi muni shi ne wutar da take lasar nama, kitse yana ɗiga yana tayar da harshenta. A nan ne ake samun baƙin kifi mai sheƙi wanda wasu masu saye suke ɗauka alamar ya gasu, alhali a nan ne sinadaran kwalta suke taruwa, ciki har da benzofairin, wanda aka tabbatar yana haddasa ciwon daji. Tarayyar Turai, tun daga 2014, ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin miliyan na giram a kowane kilo na kifin banda ba. Murhun Chorkor da aka ƙirƙiro a wata unguwar masunta ta birnin Akra a 1969 ya rage cin itace ƙwarai ta hanyar jera faifan raga a kan juna, amma bai raba naman da hayaƙi mai kauri ba. Daga baya aka fito da wani a Thiaroye ta Senegal wanda yake tare kitse kada ya ɗiga a wuta, yake kuma raba aikin busarwa da na sa hayaƙi. A ganina wannan rabuwar ita ce daidai, kuma ba ta saɓa wa abin da tsofaffin masu banda suke yi ba: garwashi ya yi busarwa, hayaƙi kuma a ba shi ɗan lokaci kamar yadda ake ba yaji. Wanda yake tayar da wutar banda da leda ko tsohon takalmin roba kuwa, ba ni da wata kalma mai laushi da zan faɗa a kansa.

Akwai kuma waɗanda suke barin agogon ya yi tafiya da gangan. A Senegal ana kamo wani ƙaton dodon koɗi na teku, a fasa, a bar naman ya kwana biyu yana canzawa, sannan a shanya. Suna kiransa yet, kuma ɗan yanki kaɗan ake jefawa a tukunyar shinkafa da kifin nan tasu, cebu jen, wadda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2021. Warinsa yana korar baƙo. Kafin Bahaushe ya toshe hanci dai, ya tuna yadda gida yake ranar da aka buɗe kalwar daddawa. Tsakanin ruɓa da nuna akwai iyaka siririya, kuma abin da yake tsare ta shi ne gishiri da sanin ranar da za a tsaya. Kirefish ɗin da ya kwana a kwale-kwale don an rasa itace ya tsallaka iyakar ba da niyya ba, ba kuma gishirin da ya tsare shi.

To, me ya sa mai kyau da mugu suke zuwa mana a farashi ɗaya? Domin kasuwar ba ta tambayar yadda aka busar. Da mudu ake awo, da buhu ake ciniki. Abin da bai gama bushewa ba ya fi cika ido, ya fi nauyi, bai kuma ci itace da yawa ba, don haka macen da ta tsaya ta yi aikin kwana biyu a hankali tana fitar da kaya mafi ƙanƙanta a kan kuɗi mafi yawa, kuma ba wanda zai biya ta bambancin. Daga nan sai a danna shi a buhu, ya kwana biyu ko uku a bayan mota cikin zafi, danshin da ya rage ya yi aikinsa, fumfuna ta kama, ƙwari su shiga. Maganin da wasu suke yi wa ƙwarin, a kirefish da kifin banda baki ɗaya, shi ne yayyafa fiya-fiya, wato guba a kan abinci. Idan kayan ya lalace ƙwarai sai a niƙe shi a ƙulla a leda, domin gari ba ya nuna tsufa. Muna sanin shinkafa da sunan irinta, muna sanin kilishi da sunan mai yinsa, har mu tsallake rumfa goma mu je wurin mutum ɗaya. Kirefish kuwa ba shi da suna, ba shi da gari, kuma muddin haka yake, ƙwararriyar mai busarwa da mai gaggawa kuɗinsu ɗaya.

Ba daga nesa kawai wannan matsala take ba. A da, yanayi ne yake tsara mana aikin: ambaliya ta zo da damina, kifi ya hayayyafa a fadama, ruwa ya janye da kaka, masunta su shiga da koma da taru da gora daidai lokacin da iskar hunturu take kankama. Kamu mafi yawa yana zuwa ne a watannin da shanya ta fi sauƙi. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Calawa ta 1992 sun canza tafiyar ruwan, kacala ta toshe hanyoyinsa da dama, kifin kogi ya ragu. Tarwaɗar kiwo ta cike wani gurbin, amma ita ba ta san kaka ba, tana fitowa ko a tsakiyar Agusta, da kitsenta mai yawa, lokacin da iska take a jiƙe kuma itace yake a jiƙe. Mai banda na yau a ƙasar Haɗejiya yakan samu kansa cikin halin matar Oron, yana tsere da ruɓa da wuta kaɗai, ga kirya ta yi wuya ta yi tsada. Ba mamaki bandar ta fi ta da baƙi.

Ga mai saye, hanci da yatsa sun isa. Kirefish mai kyau yana karyewa ƙaras idan aka murza shi, ba ya lanƙwashewa. Launinsa ja ne mai ɗan duhu da sheƙi, ƙamshinsa na gashi ne, ba ya sukar hanci. Idan gindin mudun ya tara gari mai yawa, ƙwari sun riga ka. Ni nakan ɗauki guda ɗaya in tauna a gaban mai shi: zaƙi ya kamata ya fara zuwa, hayaƙi ya biyo baya, kuma kada a bar komai a maƙogwaro. A gida, idan ana son a gwada iri biyu, a jiƙa tsunkule ɗaya na kowanne a rabin kofin ruwan ɗumi na minti 10 a kurɓa. Yashi zai kwanta a ƙasa, ɗaci da ƙarni kuma ba su da wurin ɓuya. A sayi ɗan tsaye a daka da hannu gwargwadon bukatar mako, domin gari yana buɗe wa iska kowace kusurwa, mansa ya juya da wuri. Wanda ya zo da sauran laushi amma bai yi wari ba yana da magani a nan: a baza shi a faifai a inuwa, inda iska take ratsawa, a rufe da yadi mai shara-shara. Da hunturu yini guda ya isa iskarmu ta ƙarasa abin da wutarsu ta fara. Da damina kuwa sai a ɗan kaɗa shi a busasshen kasko a kan garwashi mai sanyi, a bar shi ya huce sarai, sannan a zuba a kwalba mai murfi a ajiye nesa da murhu.